Kula da Fankokin Sanyaya Uwar Garke da Yadda Ake Sauya Su

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutoci a cibiyar sadarwa ta jami'a, ko a cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta, abu biyu zai fara lura da su: sanyin ɗakin, da kuma wani ƙugi da ba ya tsayawa dare da rana. Ƙananan fankoki ne ke yin wannan ƙugi, kuma su ne ke riƙe da ran na'urar. A cikin irin waɗannan kwamfutoci ake ajiye rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da kundayen bincike, har da muryoyin da masu nazarin harshe suka sha wahalar naɗowa daga bakin dattawa. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya, kuma kowace cibiya da babbar kwamfuta guda take rarraba tambayoyi ga ɗaruruwan ɗalibai. Idan zafi ya kashe wannan kwamfuta ana tsakar jarrabawa, kowa a zauren sai ya naɗe hannu.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa irin wannan kwamfuta ke buƙatar fanka, da ire-iren fankokin, da abubuwan da ke lalata su, da yadda ake tsaftace su, sa'annan matakan da ake bi wajen cire wadda ta mutu a sa sabuwa.

2.0 Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Kasancewar fannin baƙo ne ga Hausa, ya kamata a fara daidaita kalmomi tukuna.

i. Uwar garke: babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima ta hanyar sadarwa. Masu sana'ar kan kira ta saba.

ii. Akwati: gidan ƙarfen da aka harhaɗa kayan cikin kwamfutar a ciki.

iii. Kantar ƙarfe: doguwar ma'ajiya mai hawa-hawa da ake jera akwatunan a cikinta, wani a kan wani.

iv. Babban allo: faifan da aka dasa sauran kayan a kansa, kuma ta cikinsa suke sadarwa da juna.

v. Furosesa: ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Ita ce ta fi kowane sashe fitar da zafi.

vi. Mashanyin zafi: dunƙulen alminiyam ko jan ƙarfe mai siraran faranta a jere, wanda ake ɗorawa a kan furosesa don ya janye zafinta ya miƙa wa iska.

vii. Boris: abin da sandar fanka ke juyawa a cikinsa, kamar dai yadda makanikai ke kiransa a mota da babur.

viii. Ɗan sa-ido: wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke kan babban allo, wadda aikinta shi ne auna zafi da gudun fankoki da rubuta duk abin da ya faru. Kamfanin Dell na kiran nasa iDRAC, na HPE kuma iLO.

3.0 Daga Ina Zafin Yake Fitowa?

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi take komawa. Wato uwar garken da ke shan wat 400 tana dumama ɗaki daidai da ƙwan fitila huɗu masu wat 100 irin na da, sai dai ita a cikin ɗan matsattsen akwati take tara zafin nata. Babu wata hanyar da zafin zai bi ya fita sai iska ta ɗauke shi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Iska mai cika mita kubik 1 takan ɗauki kimanin jul 1,200 na zafi kafin ɗuminta ya ƙaru da digiri 1. Idan muna son iskar da ta shiga akwati ta fita da ƙarin digiri 12 kacal, to kowace mita kubik za ta fitar da jul 14,400 ke nan. Wat 400 daidai yake da jul 400 a kowace daƙiƙa, wato jul 1,440,000 a awa ɗaya. Idan aka raba wannan da 14,400 za a sami 100. Ke nan dole fankoki su tura iska mita kubik 100 ta cikin akwatin a kowace awa. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3 iska mita kubik 48 yake ɗauka, don haka ana maganar iskar ɗaki biyu ne a awa guda. Idan ƙura ko mutuwar fanka ta rage iskar zuwa rabi, ƙarin zafin zai ninka ya koma digiri 24.

Idan zafi ya yi yawa, furosesa takan rage gudunta da kanta don ta tsira, abin da kan faru idan ta doshi digiri 90 zuwa 100. Masu amfani da ita sai su ga aiki ya yi nauyi ba su san dalili ba. In zafin ya ci gaba, sai na'urar ta kashe kanta. Faya-fayan ajiya kuwa ba su da irin wannan juriya, domin yawancinsu iyakarsu digiri 55 zuwa 60 ne, kuma a kansu bayanai suke.

Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, wato ASHRAE, tun daga shekarar 2008 take ba da shawarar cewa iskar da ke shiga uwar garke ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take turawa. In ɗakin ya yi zafi, zafi za ta hura.

4.0 Yadda Iska Ke Bi Cikin Akwati

An tsara uwar garke ne ta shaƙi iska ta gaba ta fitar ta baya. Iskar takan fara wucewa ta tsakanin faya-fayan ajiya, sai ta tarar da jerin fankoki a tsakiyar akwati, su kuma su tura ta cikin mashanyin zafi da sauran kayan babban allo, ta fice ta baya. A yawancin akwatuna akwai wata rumfar roba da aka kifa a kan furosesa, aikinta ta tilasta wa iskar bin inda ake buƙata. Haka kuma duk gurbin da babu faifan ajiya a cikinsa akan toshe shi da murfin roba. Iska kamar ruwa take, hanya mafi sauƙi take bi. Da zarar ta sami kafa a buɗe, nan za ta zurare ta bar wurin da ke da zafi.

Wannan ne ya sa kuskure ne babba a cire murfin akwati da sunan a bar na'ura ta sha iska, ko da an kafa mata fankar ɗaki a gefe. Cire murfin wargaza hanyar iskar yake yi. Littattafan jagora na Dell suna gargaɗin kada a bar uwar garke tana aiki ba murfi fiye da minti biyar.

5.0 Ire-iren Fankoki

5.1 Ta Fuskar Girma

Kantar ƙarfe tana da faɗin inci 19, kuma ana auna tsayin akwatunan cikinta da wani ma'auni da ake rubutawa da harafin U, wanda daidai yake da inci 1.75 ko milimita 44.45. Akwati mai 1U ba ya ɗaukar fankar da ta wuce milimita 40. Mai 2U kan ɗauki ta milimita 60 ko 80. Akwatin da ke tsaye da kansa a ƙasa kuwa kan yi amfani da ta milimita 92 ko 120. Bayan faɗi, akwai kauri: a cikin masu milimita 40 akwai mai kaurin 28, akwai kuma mai 56, wadda a gaskiya fankoki biyu ne a haɗe, kowace na juyawa saɓanin 'yar'uwarta.

Ƙaramar fanka dole ta yi gudu sosai kafin ta tura isasshiyar iska, don haka ba abin mamaki ba ne a ga mai milimita 40 tana juyi 15,000 ko fiye a minti ɗaya. Daga nan ƙarar take fitowa. Ƙa'idar fanka ita ce: idan aka ninka gudunta sau biyu, iskar da take turawa za ta ninka sau biyu, matsin iskar sau huɗu, wutar da take sha kuma sau takwas.

Ya kamata a bambance yawan iska da matsin iska. Fankar ɗaki tana motsa iska mai yawa, amma ba ta da ƙarfin cusa ta ta cikin ƙuntataccen wuri. Fankar uwar garke kuwa an ƙera ta ne don ta matsa iska ta tsakanin faranta masu kusa da juna.

5.2 Ta Fuskar Wayoyi

Yawancin waɗannan fankoki da wuta bolt 12 suke aiki. Mai waya biyu wuta kawai take karɓa, ba ta ba da labarin komai. Mai waya uku tana da ƙarin wayar da ke shaida wa babban allo gudunta: takan aika da bugu biyu a kowane juyi, ta yadda fankar da ke juyi 6,000 a minti za ta aika da bugu 200 a daƙiƙa. Mai waya huɗu tana da wata wayar kuma, wadda ta nan ake ba ta umurnin ƙara gudu ko ragewa, ta hanyar sigina mai kunnawa da kashewa kimanin sau 25,000 a daƙiƙa, bisa ƙa'idar da kamfanin Intel ya shimfiɗa. Manyan kamfanoni sukan saka fankar a cikin ƙwaryar roba mai nata mahaɗi na musamman, wanda ba lalle ne jerin wayoyinsa ya dace da na wani kamfani ba.

5.3 Ta Fuskar Boris

Akwai boris mai hannun riga, inda sanda ke juyawa cikin bututu mai ɗan mai. Yana da araha, ba shi da ƙara, amma da zarar man ya bushe ya gama aiki, kuma zafi na saurin busar da shi. Akwai mai ƙwallaye, wanda ya fi jure zafi da doguwar hidima, shi ne aka fi samu a uwar garke. Akwai kuma wanda sandarsa ke shawagi a kan siririn mai da aka rufe ruf. Kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera waɗannan fankoki sun haɗa da Delta da Sunon na Taiwan, da Nidec da Sanyo Denki na Japan.

A takardar bayanin fanka mai ƙwallaye akan ga an rubuta cewa za ta yi awa 70,000 a zafin digiri 40. Tunda shekara tana da awa 8,760, wannan kusan shekara takwas ke nan. Sai dai ma'anar adadin ita ce a daidai wannan lokaci ana sa ran goma daga cikin ɗari sun riga sun mutu, kuma in zafin ya haura digiri 40 wa'adin raguwa yake yi.

6.0 Abubuwan da Ke Kashe Fanka

Na farko shi ne ƙura. A ƙasarmu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso lallausar ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta watsa ta har bakin teku. Wannan ƙura tana bi ta kowace kafa, ta lulluɓe fukafukan fanka, ta toshe tsakanin farantan mashanyin zafi. A garuruwan kudu masu laima, ƙurar kan sha danshi ta daskare kamar laka, ta yadda hurawa kawai ba ta fitar da ita. Idan ta taru a gefe ɗaya na fukafukai sai fankar ta riƙa rawa, rawar kuma ita ke cinye boris.

Na biyu shi ne zafin ɗaki. Abin da ya fi faruwa shi ne a ɗauke wuta, batirin ko-ta-kwana ya ci gaba da riƙe uwar garke, amma na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Kafin a tayar da janareta, ɗakin da ke rufe ya zama tanda, fankoki kuma suna gudu iya ƙarfinsu cikin iska mai zafi.

Na uku shi ne tsufa. Fanka na daga cikin 'yan abubuwan da ke motsi a cikin kwamfuta, duk abin da ke motsi kuwa yana cinyewa. Na huɗu shi ne sakacin ma'aikaci: wayar da aka bari tana reto ta shiga fukafukai, ko kwali da takardu da aka jingina a gaban akwati suka toshe masa numfashi.

7.0 Alamomin Fanka Ta Kusa Mutuwa

a. Sauyin murya: gurnani ko ƙara irin ta niƙa, ko wani kaskas mai zuwa yana ɗaukewa.

b. Dukkan fankoki su tashi da gudu gaba ɗaya ba tare da aiki ya ƙaru ba. Wannan alama ce cewa ɗan sa-ido ya rasa ɗaya, ya umurci sauran su cike gurbinta.

c. Fitilar gaban akwati ta koma ruwan ɗorawa ko ja.

d. A shafin ɗan sa-ido a ga gudun fanka ɗaya ya yi ƙasa da na takwarorinta, ko yana hawa yana sauka.

e. Idan an kashe na'ura aka juya fukafukan da yatsa, a ji sun yi tauri, ko suna karkarwa, ko su tsaya nan take.

Ma'aikaci mai hankali yakan rubuta gudun kowace fanka da zafin na'ura tun tana lafiya, domin sai an san yadda lafiya take kafin a gane ciwo.

8.0 Tsaftacewa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. A riƙa duba shafin ɗan sa-ido a kai a kai, a wanke ko a sauya matacin ƙura idan akwatin yana da shi, a kuma ware lokacin buɗe na'ura a share ta, musamman kafin hunturu ya shigo da kuma bayan ya wuce. Kayan aikin su ne sukundireba, da buroshi mai laushi, da gwangwanin iska ko ƙaramar bulowa, da ƙyalle marar gashi, da takunkumin hanci, da awarwaron sauke lantarki.

Wannan awarwaro yana buƙatar bayani. Jikin mutum yana tara lantarki ta hanyar gogayya da tufafi, shi ne ɗan tartsatsin da akan ji lokacin hunturu idan an taɓa ƙofar mota. Tartsatsin da bai kai mutum ya ji shi ba ma yana iya ƙona ƙananan kayan babban allo. Don haka akan ɗaura awarwaron a wuyan hannu, a maƙala wayarsa a jikin ƙarfen akwati inda babu fenti.

Ga yadda ake yi:

1. A sanar da masu amfani da na'urar, a tabbatar an kwafi muhimman bayanai an ajiye a wani wuri dabam.

2. A kashe na'urar ta hanyar da ta dace, a zare dukkan wayoyin wuta. Yawancin uwayen garke suna da waya biyu, zare ɗaya bai wadatar ba.

3. In da hali a fitar da ita waje ko wani ɗaki, kada ƙurar da aka hure ta faɗa cikin maƙwabtanta.

4. A ɗauki hoton cikinta da wayar hannu kafin a taɓa komai.

5. A danne fukafukan fanka da yatsa ko ɗan tsinke kafin a hura mata iska. In aka bar ta tana wulwulawa za ta iya wuce gudun da boris zai jure, kuma fanka mai juyawa da ƙarfin iska ɗan janareta ce, tana iya mayar da wuta cikin babban allo.

6. A riƙe gwangwanin iska a tsaye, a riƙa fesawa kaɗan-kaɗan. In aka karkata shi, ruwa mai tsananin sanyi zai fito.

7. Ƙurar da ta daskare a goge ta da buroshi, ko da ƙyallen da aka ɗan jiƙa da sifirit na goge kayan lantarki, a bari ya bushe sarai.

Kada a yi amfani da injin zuƙe shara na gida a kan babban allo, domin bakinsa na roba yana tara lantarki. Kada kuma a buɗe akwatin rarraba wuta da nufin gyara fankar cikinsa, saboda akwai ma'adanan caji a ciki da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya. In fankarsa ta mutu, shi ɗungurungum ake sauyawa. Ɗiga wa boris mai kuwa dabara ce ta kwana biyu kafin sabuwa ta iso, ba gyara ba ne.

9.0 Zaɓen Sabuwar Fanka

Hanya mafi aminci ita ce a karanta lambar kaya da ke jikin tsohuwar, a nemo mai irin lambar. In ba a samu ba, dole abubuwa shida su dace: faɗi da kauri, yawan bolt, yawan wutar da take ja, yawan wayoyi da jerinsu, gudu da matsin iska, sai kuma fuskar da take hurawa. Batun wutar da take ja ba abin wasa ba ne. Mahaɗin fanka a allon kwamfutar tebur yawanci amfiya 1 yake iya bayarwa, alhali akwai fankokin uwar garke da ke jan fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma haɗa su a nan na iya ƙona mahaɗin.

Wasu kan gaji da ƙara su sayo fanka marar ƙara irin ta kwamfutar gida. Abin da kan biyo baya iri biyu ne. Ko dai iskar ta gaza ratsa mashanyin zafi, ko kuma ɗan sa-ido ya ga gudunta ya gaza iyakar da aka sa masa, ya ɗauka ta mutu, ya riƙa tayar da sauran suna hawa suna sauka ba hutawa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wanda zai saya a kasuwa, kamar ta kayan kwamfuta da ke Ikeja a Legas, ya sani cewa da yawa daga kayan uwar garke na hannu ne, an ciro su daga tsofaffin na'urori. Ya tafi da tsohuwar don gwadawa, ya juya fukafukan ya saurara, ya duba ko akwai tsaga, ya kuma nemi a kunna masa ita a gabansa. Yana da kyau ya sayi biyu, domin fankokin da suka fara aiki rana ɗaya ba sa nisa da juna wajen mutuwa.

10.0 Matakan Sauyawa

Da farko a duba littafin jagorar na'urar a ga ko fankokinta irin waɗanda ake sauyawa tana kunne ne. Yawancin manyan uwayen garke an ba su fanka ɗaya ta rara, ta yadda in ɗaya ta mutu sauran za su riƙe aiki na ɗan lokaci. A na'urorin Dell, maɗauri mai launin ruwan lemo yana nuna ana iya cire abin na'ura na kunne, shuɗi kuwa wurin kamawa kawai yake nunawa.

Idan irin wadda ake sauyawa tana kunne ce:

1. A gano lambar fankar da ta mutu daga shafin ɗan sa-ido, a nemi lambar a taswirar da ke cikin murfin akwati. Cire lafiyayya a bar matacciya kuskure ne mai sauƙin aukuwa, kuma yana nufin an rasa fanka biyu a lokaci guda.

2. A buɗe sabuwar a ajiye ta kusa kafin a ɗaga murfi.

3. A ɗaura awarwaro, a cire zobe da agogo, a tattare hannun riga.

4. A danna maɗaurin a zaro fankar sama a miƙe, a kiyaye yatsu har fukafukan su tsaya.

5. A daidaita mahaɗin sabuwar da na allo, a danna har a ji ta zauna. In ta ƙi shiga kada a tilasta, a sake duba fuskarta.

6. A mayar da murfi nan da nan. In fiye da ɗaya za a sauya, a yi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan kuwa irin wadda aka ɗaure da sukurori ce, sai a kashe na'ura a zare wuta kamar yadda aka faɗa a baya, a zare wayar fankar ta hanyar kama kan mahaɗin, ban da fizgar wayar, sa'annan a kwance sukurorin. A jikin yawancin fankoki akwai kibiyoyi biyu: ɗaya na nuna inda fukafukai ke juyawa, ɗaya na nuna inda iska ke fita. In babu kibiya, galibi iska na fita ne ta ɓangaren da ke da sandunan riƙe injin. Dole kibiyar iskar ta fuskanci bayan akwati. Fankar da aka sa a juye ta fi matacciya illa, domin tana yaƙi da 'yan'uwanta, kuma ɗan sa-ido ba zai kawo ƙara ba tunda gudunta daidai yake. A ɗaure sukurori ba tare da matsewa fiye da kima ba, a kwantar da wayar nesa da fukafukai, a mayar da rumfar roba mazauninta.

Bayan an kunna, kada a razana in fankoki suka yi ƙugi na ɗan lokaci, al'adarsu ce kafin su lafa. A duba shafin ɗan sa-ido a tabbatar gudun sabuwar ya yi kusa da na sauran, gargaɗin kuma ya ɗauke. A sa hannu a bayan akwati a ji iska mai ɗumi na fita. A ci gaba da lura da zafin har na'urar ta ɗauki cikakken aikinta. Daga ƙarshe a rubuta kwanan wata da lambar fankar da aka sauya a littafin kula da na'ura, don amfanin wanda zai zo baya.

11.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa wutar da uwar garke ke sha zafi take komawa, kuma fankoki ne ke fitar da shi ta hanyar da aka tsara daga gaba zuwa baya. An kawo ire-iren fankoki ta fuskar girma da wayoyi da boris, an nuna yadda ƙura da zafin ɗaki da tsufa ke cin su, an kuma jera matakan tsaftacewa da sauyawa. Kuɗin fanka kaɗan ne idan aka kwatanta da na furosesa ko faifan ajiya, balle bayanan da ke kansa, waɗanda wasunsu in sun salwanta ba a sake samun su. Saboda haka duk wanda aka damƙa wa amanar irin wannan na'ura ya riƙa sauraron muryarta, ya ajiye fankar ko-ta-kwana a aljihun tebur, ya kuma share ta a kan lokaci.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin yawan iska da matsin iska, ka faɗi wanda ya fi muhimmanci ga akwati mai 1U da dalilinka.

2. Uwar garke tana shan wat 600, ana so iska ta fita da ƙarin digiri 15. Mita kubik nawa na iska take buƙata a awa ɗaya?

3. Me ya sa ake danne fukafukan fanka kafin a hura mata iska?

4. Kawo abubuwa shida da ake dubawa kafin a sayi sabuwar fanka.

5. Daga cikin kalmomin sashe na 2.0, ware na aro da ƙirƙirarru, sa'annan ka ba da shawarar wata kalma da kake ganin ta fi dacewa a madadin "mashanyin zafi".